TAFIYA MABUƊIN ILMI: MASU ZANE NA AMURKA DA ƘASASHEN WAJE

Cikin shekarar 1760 wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Benjamin West ya hau jirgin ruwa a birnin Filadelfiya ya nufi Italiya. A lokacin babu wata ƙasa mai suna Amurka tukuna, sai yankuna 13 na bakin teku da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila. Saurayin yana da hannun zane, shi ya sa wasu attajiran garin suka haɗa masa guzuri don ya je ya ga yadda gwanaye ke yi. An ruwaito cewa da ya isa birnin Rum, mutanen gari suka kai shi gaban wani tsohon mutum-mutumi na dutsen marmara wanda suke alfahari da shi, suna jira su ga yadda ɗan daji zai kiɗime. Shi kuwa da ya duba, sai ya ce ai wannan ya yi kama da jaruman ƙabilar Mohok, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na ƙasarsu.

Ko labarin nan ya faru yadda aka ba da shi, ko kuwa an ƙara masa gishiri, ya nuna abin da ya yi ta maimaituwa shekaru fiye da 250. Masu zane na Amurka sun yi ta fita ƙasashen waje, tsara bayan tsara, amma ba abu ɗaya ne ya fitar da su ba. Kowannensu abin da ya rasa a gida shi ya fita nema, tsarabar da ya komo da ita kuwa ta dogara ne ga irin rashin da ya kore shi. Wasu malami suka rasa, wasu tsohon tarihi, wasu 'yanci, wasu kuma labarin kakanninsu.

ƘASAR DA BA TA DA MALAMAI

Rashi na farko shi ne na malamai. A ƙarni na 18 babu makarantar koyon zane ko ɗaya a yankunan nan, babu kuma gidan ajiye zane-zane inda ɗalibi zai je ya duba aikin magabata. Mai zane ba ya samun aiki sai na zana fuskar attajiri da iyalinsa, ana kuwa ɗaukarsa kamar kafinta ko tela.

West ya yi shekara uku a Italiya, sa'an nan a 1763 ya wuce Landan da niyyar ya ɗan yada zango, amma zangon ya zama zama. A can ya yi suna, musamman da zanen da ya yi a 1770 na mutuwar Janar Wolfe a yaƙin Kebek. Al'adar lokacin ita ce a zana jarumai cikin tufafin Rumawan dā, shi kuwa ya zana sojojin cikin kayan sarki na zamaninsu, har da wani jarumin ƙabilun asali na Amurka yana tsugune yana kallo. Sarki George na Uku ya ɗauke shi aiki, a 1792 kuma aka zaɓe shi shugaban babbar majalisar masu zane ta Ingila. Ya rasu a Landan a 1820 bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba.

Amma gidansa ya zama tsangayar samarin Amurka. Duk wanda ya zo Landan neman ilmin zane, ƙofar West yake fara ƙwanƙwasawa. Cikin almajiransa akwai Gilbert Stuart, wanda ya koma gida a 1793, bayan shekara uku kuma ya zana shugaba George Washington. Wannan zanen shi ne ke jikin takardar dala ɗaya, watau fuskar uban ƙasar Amurka da duniya ta sani, hannun da aka horar a Landan ne ya fitar da ita.

Wani almajirin nasa, Samuel Morse, ya yi tunanin cewa tun da mutanen Amurka ba za su iya zuwa Turai ba, bari ya kai musu Turai har gida. Ya shiga gidan ajiye zane-zane na Louvre a birnin Faris a 1831, ya yi watanni yana kwaikwayon zane 38 na manyan gwanaye, duk ya haɗa su a kan ƙyalle ɗaya. Da ya nuna aikin a birnin New York a 1833, mutane ba su zo yadda ya yi zato ba. Sai dai a cikin jirgin ruwan da ya komo da shi a 1832, hira ta haɗa shi da wani fasinja kan sha'anin lantarki, daga nan ya soma tunanin wayar tangaraho. Daga baya ya ajiye buroshi, a 1844 ya aika saƙo ta waya daga Washington zuwa Baltimore. Tafiyar da ya yi don zane, sadarwa ce ta ci ribarta.

NEMAN KUFAI DA MANYAN DUWATSU

Rashi na biyu shi ne na tsufa. Bayan samun 'yancin kai, masu ilmi na Amurka suna jin ƙasarsu yarinya ce, ba ta da kufan tsofaffin dauloli irin waɗanda suka saba karantawa a littattafai, ko da yake ƙabilun asali suna da nasu dogon tarihi wanda baƙin ba su kula da shi ba.

Thomas Cole, wanda aka haifa a Ingila a 1801 iyayensa suka ƙaura da shi Amurka a 1818, ya fara yin suna da zanen dazuzzuka da duwatsun kogin Hudson. Daga 1829 zuwa 1832 ya zaga Ingila da Faransa da Italiya. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne kangwayen daular Rum, inda ciyawa ta fito a fādar sarakuna, makiyaya suna kiwo a gindin ginshiƙai. Da ya koma gida ya yi zane guda biyar a jere, ya gama su a 1836, duk suna nuna wuri ɗaya a zamani biyar: da farko daji ne, sa'an nan ƙauyen manoma, sa'an nan babban birni mai taƙama, sa'an nan yaƙi da gobara, daga ƙarshe kufai. A lokacin Amurka tana ta faɗaɗa tana sare dazuzzuka, ba kuwa sai an yi wa mai kallo bayani ba kafin ya gane wa ake yi wa gargaɗi.

Almajirinsa Frederic Church kudu ya nufa. Ya karanta littattafan Bajamushen nan masanin halitta, Alexander von Humboldt, wanda ya yi kira ga masu zane su je su ga ƙasashe masu zafi da idonsu. A 1853 Church ya bi sawunsa zuwa Kolambiya da Ekwado, ya sake komawa a 1857, yana hawan alfadari, yana zana tsirrai da duwatsu masu aman wuta. A 1859 ya haɗa abin da ya gani a babban zane guda mai faɗin kusan ƙafa goma, wanda ya kira "Zuciyar Duwatsun Andes". Cikin mako uku mutane fiye da 12,000 suka biya kwatan dala kowannensu don su gan shi a New York, sa'an nan aka saye shi dala 10,000, kuɗin da ba a taɓa biyan wani mai zane na Amurka da ke raye ba. Church ya so ya aika da zanen birnin Balin don Humboldt ya gani, amma tsohon ya rasu a watan Mayu na wannan shekara.

Daga 1867 zuwa 1869 Church ya ɗauki iyalinsa suka zaga Turai da Gabas ta Tsakiya. Ya ga Bairut da Kudus da Dimashƙ, ya hau raƙumi ya je tsohon birnin Petra da aka sassaƙa a jikin dutse. Gidajen Sham masu tsakar gida sun burge shi ƙwarai, har da ya koma ya gina gidansa mai suna Olana a kan tudu a bakin kogin Hudson, da bakan gizo da adon bango irin na ƙasashen Musulmi. A saman ƙofar shiga ya sa aka rubuta "Marhaba" da haruffan Larabci.

IDON BAƘO

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin Hausawa na cewa idon baƙo ba ya ganin gari. Matafiyi yakan ga abin da ya zo da niyyar gani ne, ya bar sauran. A ƙarni na 19 kasuwar Faris tana son zanen "Gabas", watau ƙasashen Larabawa da Turkawa yadda Turawa suke mafarkinsu, masu zane na Amurka da yawa kuwa suka bi wannan kasuwa.

John Singer Sargent misali ne. Iyayensa Amurkawa ne, amma a birnin Florence na Italiya aka haife shi a 1856, bai ga Amurka ba sai da ya kai shekara 20. A farkon 1880 ya ziyarci Maroko, a can ya fara wani zane na mace sanye da fararen kaya, ta buɗe mayafinta bisa kasko tana turara jikinta da ambar. Duk wanda ya san turaren wuta zai gane abin da take yi. Zanen yana da kyau matuƙa, fari bisa fari, ba a cika samun irinsa ba. Amma a Faris ya ƙarasa shi, masana kuma sun nuna cewa tufafin da kayan adon an tsinto su ne daga wurare daban-daban an haɗa. Sargent ya koyi yadda haske ke sauka a kan farar katanga, amma zanen bai gaya wa kowa ko wace ce matar ba, balle yadda take rayuwa. Wannan aibi ya bi yawancin zane-zanen matafiya na zamanin.

WAƊANDA GIDA YA YI WA ƘUNCI

Rashi na uku ya fi sauran ciwo, shi ne rashin sarari. Akwai waɗanda ba sha'awar yawon duniya ce kawai ta fitar da su ba, gida ne ya yi musu ƙunci, watau mata da baƙaƙen fata.

Edmonia Lewis ta haɗa duka biyu. Jinin Afirka da na ƙabilar Ojibwe ne a jikinta. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 ta tafi Turai ta zauna a Rum, inda dutsen marmara ke da yawa, launin fatarta kuma bai hana ta aiki yadda ya hana ta a gida ba. Masu sassaƙa na lokacin sukan ɗauki magina Italiyawa su yi musu aikin dutse, ita kuwa da hannunta take yin yawancin nata, don kada a ce wani ne ya yi mata. Ta sassaƙa bayi biyu da suka sami 'yanci, ta kuma sassaƙa Hajara, mahaifiyar Annabi Isma'ila, tana cikin hamada. A 1876 ta kawo babban aikinta na mutuwar Sarauniya Kiliyobatara ta Masar wurin bikin cikar Amurka shekara 100. Bayan haka aikin ya ɓace, har ya zama alamar kabarin wani dokin sukuwa kusa da Chicago, sai a 1994 ya isa gidan tarihi na Smithsonian. Ita kanta ta rasu a Landan a 1907, kusan an manta da ita.

Mary Cassatt 'yar masu hali ce daga jihar Pennsylvania, an haife ta a 1844. Mahaifinta bai so ta zama mai zane ba, amma ta nace ta tafi Faris a 1866. A can ma babbar makarantar zane ta gwamnati ba ta karɓar mata, sai ta riƙa ɗaukar darasi a keɓe tana kwaikwayo a Louvre. Ta zauna a birnin dindindin daga 1874. A 1877 Edgar Degas ya gayyace ta cikin rukunin masu zanen da suka bijire wa tsohuwar hanya, su Monet da Pissarro, waɗanda ke ƙoƙarin kama haske da motsi yadda ido ya fara ganinsu. Ta baje kolin aikinta tare da su sau huɗu, daga 1879 zuwa 1886.

Wani abin sha'awa shi ne ƙasar da ta fi canza mata hannu ba ta taɓa zuwa can ba. A 1890 aka yi babban nunin zane-zanen Japan a Faris, irin waɗanda ake sassaƙawa a katako a buga a takarda. Cassatt ta yi ta komawa tana kallo. A 1891 ta fito da zane goma masu launi na mata cikin harkar yau da kullum, wata tana yi wa ɗanta wanka, wata tana manne wasiƙa, da layi mai tsabta irin na Japanawa. Har ila yau ita ce ta riƙa ba attajiran Amurka shawarar abin da za su saya, musamman ƙawarta Louisine Havemeyer, wadda a 1929 aka miƙa tarin zane-zanenta ga gidan tarihi na Metropolitan a New York. Ta haka Cassatt ta taimaka aka toshe giɓin da ya kori su West tun farko.

Henry Ossawa Tanner an haife shi a Pittsburgh a 1859. Mahaifinsa limamin coci ne wanda ya kai matsayin bishop, mahaifiyarsa kuwa cikin bauta aka haife ta. Ya yi karatu a makarantar zane ta Filadelfiya, inda ya sha wulaƙanci a hannun wasu 'yan ajinsu saboda launinsa. A 1891 ya tashi da niyyar zuwa Rum, ya biya ta Faris, sai ya ga a nan aikinsa ake dubawa kafin fatarsa, ya yi zamansa. Da ya ziyarci gida a 1893 ya zana wani dattijo baƙar fata yana koya wa yaro kaɗa banjo, abin kiɗa mai tsirkiya wanda asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, dangin gurmi da molo. A lokacin an saba zana baƙar fata ne don a yi dariya, shi kuwa ya zana su da mutunci da natsuwa.

A 1897 gwamnatin Faransa ta sayi wani zanensa na addini, wani attajiri kuma, Rodman Wanamaker, ya biya masa kuɗin tafiya Masar da Falasɗinu. Tanner ya zana cikin wani masallaci a Alƙahira, ya dubi yadda talakawa ke sa tufafi da yadda ɗakunansu suke. A 1898 ya zana Nana Maryamu lokacin da aka yi mata bushara. Turawa sun saba nuna ta kamar sarauniya, shi kuwa ya nuna yarinya 'yar ƙauye zaune a bakin gado cikin ɗaki mai bangon dutse, Mala'ika Jibrilu kuma bai ba shi siffar mutum ba, ginshiƙin haske kawai ya zana. Daga baya ya je Aljeriya a 1908 da Maroko a 1912. Faransa ta ba shi lambar girma a 1923, ya rasu a Faris a 1937. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wasu 'yan'uwansa sun yi ƙorafin cewa ya daina zana rayuwarsu, sai a zamanin shugaba Bill Clinton ne Fadar White House ta sayi zanensa, na farko da ta mallaka daga hannun baƙar fata.

MASU KOMOWA GIDA

A farkon ƙarni na 20 aka sami waɗanda tafiya ta mai da hankalinsu gida. Edward Hopper ya je Faris sau uku daga 1906 zuwa 1910, bai sake zuwa Turai ba. Ya koyo lura da haske, ya zo ya zuba shi a kan gidajen mai da ɗakunan otal da shagunan shayi na dare, har ya zama gwanin zana kaɗaicin biranen Amurka.

Grant Wood ɗan manoma ne daga jihar Iowa. Ya yi ta zuwa Turai yana kwaikwayon Faransawa ba tare da ya sami hanyarsa ba. A 1928 ya je birnin Munich na Jamus don ya kula da aikin wata tagar gilashi mai launi. A gidan tarihin birnin ya ga zane-zanen tsofaffin gwanayen Jamus da Flanders na ƙarni na 15 da na 16, waɗanda suka zana mutanen garinsu dalla-dalla, da tamojin fuska da ɗinkin riga. Ya gane cewa maƙwabtansa na Iowa ma sun cancanci haka. A 1930 ya zana wani manomi riƙe da cokalin tara ciyawa, da mace a gefensa, a gaban farin gidan katako. Ƙanwarsa da likitan haƙorinsa ne suka tsaya ya zana. Ba a cika samun zanen Amurka da ya kai wannan shahara ba, asalinsa kuwa daga Munich.

Cikin ɗalibansa a Jami'ar Iowa akwai Elizabeth Catlett, jikar bayi, wadda ya ba shawarar ta zana abin da ta fi sani. A 1946 ta tafi Meziko ta shiga wata ƙungiyar masu zane da ke buga hotuna masu araha don talakawa da ma'aikata. A can ta yi jerin zane 15 a kan matan baƙaƙen fata na Amurka, masu aikin gona da masu aikatau da masu gwagwarmaya. Siyasarta ba ta yi wa gwamnatin Amurka daɗi ba. Bayan ta zama 'yar ƙasar Meziko a 1962 aka hana ta shiga Amurka, sai a 1971 aka ba ta biza don ta halarci nunin aikinta a unguwar Harlem. Ta rasu a Meziko a 2012.

HANYAR AFIRKA

Rashi na huɗu shi ne na asali. Cinikin bayi ya raba miliyoyin mutane da sunan garinsu da harshensu, abin da jikokinsu suka sani game da Afirka kuwa daga littattafan da suka raina ta ne.

Lois Mailou Jones, malama a Jami'ar Howard ta Washington, a Faris ta ƙara kusantar Afirka, domin a 1937 da ta je karatu ta tarar da sassaƙe-sassaƙen Afirka a shaguna da gidajen tarihi, Turawa suna girmama su. A 1938 ta zana fuskokin itace guda biyar na Afirka suna shawagi cikin duhu. Da ta koma gida, wariyar launi ta sa har wata ƙawarta Bafaranshiya ce take kai mata aikinta wurin gasa, ta haka ta ci wata kyauta a Washington a 1941. Daga 1954 ta riƙa zuwa Haiti, launukanta suka ƙara haske. A 1970 ta zaga ƙasashen Afirka 11, ciki har da Sudan da Habasha da Nijeriya da Ghana da Senegal, tana ganawa da masu zane na zamani tana ɗaukar hoton aikinsu don ɗalibanta.

John Biggers na jihar Texas ya riga ta zuwa. A 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai, hukumar UNESCO ta ba shi tallafi ya yi wata shida a Ghana da Togo da Dahomey da Nijeriya. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne mata: 'yan kasuwa, masu ɗauke da kaya a ka, masu rawa a bikin girbi. A tafiyarsu da tsayuwarsu ya ga iyayensa mata na kudancin Amurka. A 1962 ya buga littafin zane-zanen tafiyar, ya sa masa sunan Ananse, watau Gizon tatsuniyar mutanen Akan.

Jacob Lawrence ya yi suna tun a 1941 da jerin zane 60 a kan ƙaurar baƙaƙen fata daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa. A 1962 aka gayyace shi Nijeriya ya nuna aikinsa a Legas da Ibadan, a 1964 kuma ya komo tare da matarsa Gwendolyn Knight, wadda ita ma mai zane ce, suka yi wata takwas. A Ibadan ya tarar da ƙungiyar Mbari da aka kafa a 1961, matattarar marubuta irin su Wole Soyinka da masu zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko, waɗanda suka yi karatu a kwalejin Zariya. Ƙungiyar ta kuma nuna aikin Ibrahim El-Salahi na Sudan. Bambancin wannan tafiya da ta su Sargent a fili yake. Lawrence ya tarar da abokan sana'a ne masu nasu ra'ayi, yana koya musu suna koya masa. Zane-zanensa na kasuwannin Nijeriya cike suke maƙil da mutane da atamfa da kwanon rufi, babu masaka tsinke, kamar dai yadda kasuwar take.

Wannan hanya ta kai ƙololuwarta a bikin FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, wanda aka yi a Legas, aka kuma yi hawan daba a Kaduna. Ɗaruruwan baƙaƙen fata na Amurka suka zo, jagoran tawagarsu kuwa mai zane ne, Jeff Donaldson. Zumuncin bai yanke ba. A 2019 Kehinde Wiley, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, shi ne kuma ya zana hoton shugaba Barack Obama, ya buɗe masaukin masu zane a Dakar. A 2022 gidan tarihi na Chrysler a jihar Virginia ya tattaro zane-zanen Lawrence na Nijeriya ya nuna su tare da na abokansa na Mbari.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu birnin New York ya karɓe matsayin da Faris take da shi, har ya zama ɗaliban wasu ƙasashe ne ke zuwa Amurka neman ilmin zane. Amma gidajen tarihin da suke shiga, matafiya ne suka cika su. West ya komo da ilmi ta hannun almajiransa, Cole ya komo da gargaɗi, Wood ya komo da sabon ido ga maƙwabtansa, Tanner da Lewis kuwa sun sami mutunci a waje, suka biya da zaman baƙunci har mutuwa. Duk wanda ya taɓa barin garinsu ya daɗe a wata ƙasa ya san wannan ciniki, ya kuma san cewa ranar da mutum ya fi ganin gidansu sosai ita ce ranar da ya hango shi daga nesa.